Tsohon Da Na Nuna Wa Yamma

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko yanzu da nake rubuta shi raina tafasa yake yi, sai dai ban san da wa zan fara fushin ba, da Tanko ko da kaina. A farkon shekarun saba'in ne, lokacin ina aiki a wata ma'aikatar gurzar auduga a Hasahisa, wani gari a yankin Jazira kudu da Khartum, ina ɗaukar buhuna daga safe zuwa azahar, da yamma kuma in tafi nadi, wato kulob ɗinmu na 'yan gudu. Ni ɗan Mai Wurno ne, can aka yanke cibiyata, kuma tun ina ƙarami idan aka aike ni ba na tafiya sai gudu, har mahaifina kan ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke gudu ba tare da an koro shi ba sai ni.

A wannan shekarar aka ce nadinmu zai tura mutum biyu gasar da za a yi a Madani, babban birnin yankin, wanda ya yi abin kirki a can kuma sai Khartum. Ina da shekara ashirin da bakwai, gwiwata ta hagu ta fara yi mini tsiya idan sanyi ya shigo, na san idan wannan ta wuce ni to shi ke nan, ba wata. Kuma ba yabon kai ba, a kilomita goma ba wanda ke ganin ƙeyata a nadin nan in ban da mutum ɗaya. Mai koyar da mu, Ustaz Hamad, wani tsohon soja mai adalci, Allah ya jiƙansa, ya ce ba zai zaɓi kowa da baki ba. Za mu fita bayan gari mu kwana, Alhamis da Juma'a, a wani tsohon gidan mufattish, wato jami'in da ke duba gonakin auduga, kusa da wani ƙauyen Hausawa da ba zan faɗi sunansa ba, a yi tseren bayan la'asar ɗin Juma'a, biyun da suka fara isowa su ne za su tafi.

To a nan Tanko ya shigo. Shi ne sakataren nadin. Gidansu da namu a Mai Wurno katanga ɗaya ce ta raba, uwarsa ta sha aiko shi gidanmu ɗibar wuta, amma da ya yi 'yar makaranta ya zo Hasahisa sai ya zama Ustaz Abdul-Bagi, ya sa rawani fari, ya daina jin Hausa ƙaf. In na ce masa ina kwana sai ya dube ni kamar na yi masa kukan akuya, ya amsa da Larabci. Kai har in wani ya ce "Fallata", sunan da ake yi mana ba'a da shi, yana dariya, shi ne ke fara darawa. Wannan duk bai dame ni ba, kowa da yadda ya ga zai rayu. Abin da ya dame ni shi ne ƙanin matarsa, Siddig, shi ne na uku a gudu, kullum a bayana yake, kuma ko makaho ya san idan ban je ba wa zai tafi Madani.

Ranar Laraba Tanko ya ce mini lori zai tashi daga ƙofar nadi ƙarfe huɗu na yammar Alhamis. Ƙarfe uku da rabi ina wurin da 'yar jakata a rataye, takalmin gudu da gajeren wando da rigar nadi da ɗan dabino a ciki. Ba lori, ba kowa. Matar da ke sayar da shayi a gindin bango ta ce ai tun ƙarfe biyu suka tafi, Ustaz Hamad ma ya yi ta tambayata, aka ce masa na ce zan biyo baya da kaina. Ni! Yaushe na ce? Ta miƙo mini wata takarda da Tanko ya bari, wai kwatancen hanya.

Ku da ba ku san Jazira ba, bari in gaya muku yadda take, don kada ku ce wane irin ƙato ne zai ɓata da rana tsaka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, baƙa, ba tudu ba dutse, an tsaga ta da magudanan ruwa da muke ce wa tur'a, kowace miƙe sak, kowace da 'yar gada iri ɗaya da ƙofar ƙarfe iri ɗaya. Tsakaninsu gonaki ne manya a jere, kowane jeri ana ce masa nimra, kuma duk nimra abu ɗaya ake shukawa a cikinta. Saboda haka mutane da amfanin gona suke kwatance. Takardar Tanko ta ce in sauka a gada ta uku bayan mararraba, in bi tur'a ina barin auduga a hannun dama, in wuce nimra biyu ta karan dawa, in na iso bur, wato nimrar da aka bari ta huta ba shuka, sai in karya in shiga, zan hango dogayen itatuwan gidan. Tafiyar awa biyu, in ji shi.

Da sassafen Juma'a na sami lorin da ke zuwa wata kasuwa, ya sauke ni a gadar da hantsi. Lokacin tsinkar auduga ne, akwai ɗan sanyi-sanyi, na ce ko da rarrafe zan isa kafin azahar, in huta, in yi tseren, sannan in kama Tanko a gaban jama'a in yi masa Hausar da zai ji dole. Duk hanya abin da nake tsarawa ke nan, kalma bayan kalma. Na bar auduga a dama, na wuce karan dawa, na iso bur, na karya. Na yi tafiya, na yi tafiya, ba itace ko ɗaya. Na dawo, na sake karanta takardar, na bi wata tur'ar, nan ma auduga a dama, nan ma karan dawa, nan ma bur. Ga shi Juma'a ce, masu tsinka duk sun tashi da wuri sun tafi wanka da masallaci, ba ka ganin kowa sai balbelu.

Sai da rana ta kusa tsaka sannan abin ya faɗo mini, na tsaya cak na dafe kai. A Jazira ai shuka juyawa take yi! Inda aka yi auduga bara, bana hutawa yake, inda aka yi dawa bara wani abu ne bana. Tanko bara ya zo wurin nan, kwatancen bara ya rubuta mini. Ni kuwa da na fara tsinkar auduga tun ina shekara bakwai, ni da ya kamata in gane tun a ƙofar nadi, fushi ya rufe mini ido na bi takarda kamar jaki. Na zagi Tanko, na zagi rawaninsa, na zagi ƙanin matarsa, na yayyaga takardar nan gutsi-gutsi na watsar a kan wata 'yar gada da ƙofar ƙarfenta ta karye ta karkace gefe guda. Ku riƙe wannan gadar, za mu dawo kanta.

Da na ɗan huce na yi lissafi. Na san dai gidan yana gabas da babbar hanya, ta wajen kogi, ni kuma na zarce yamma da yawa. A lokacin sanyi inuwar tsakar rana arewa take kwanciya, na dubi tawa, na gane gabas sarai, ga tur'ar da gadar ke kanta kuwa ta miƙe can. Na ɗaure takalmin gudu, na ce in na sa ƙafa rabin awa ta ishe ni. Ina ɗagowa sai na ga mutum a tsaye a ɗaya bakin gadar.

Wallahi ban ji zuwansa ba, kuma a wannan fili kana hango mutum tun yana ɗan ɗigo. Tsoho ne dogo, siriri, da riga ta saƙi irin wadda ban ƙara gani ba tun rasuwar kakana, da sanda, da gorar ruwa, da gafaka a rataye, da ɗan ƙunshi a ka. Abin da na lura da shi, ko da yake a lokacin bai dame ni ba, ƙurar da ke ƙafafunsa ja ce. Ƙasar Jazira kuwa baƙa ce, ba inda za ka samo jar ƙura.

Ya yi sallama, na amsa a daƙile. Ya ce, "Ɗana, kai ɗan Hausa na?"

Na ce eh.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ina gabas? Ina mashigin da alhazai ka bi su ƙetare gulbi? Ruwan ga da anka jajjawo sun ɓata min hanya."

Yanzu dole in gaya muku wani abu game da mu. Iyayenmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, daga Sakkwato da kewayenta, suna nufin Makka, wasu suka isa, wasu suka zauna, wasu suka kwanta a hanya. Saboda haka a gidanmu akwai doka, kuma ba gidanmu kaɗai ba. Idan mai tafiya hajji da ƙafa ya tambaye ka hanya, ba a nuna masa da yatsa. Sauke masa kaya ake yi, ka ɗauka, ka raka shi da irin tafiyarsa har ruwa na gaba ko gari na gaba, ka damƙa shi hannun wani, sannan ka juyo. Mahaifina ya taɓa barin gonarsa ana tsakiyar ban ruwa ya raka wata tsohuwa yini guda, da na yi ƙorafi ya ce, "Mun baro mutane da yawa bisa hanyag ga, kuma ba duka anka rufe ba. Kul ka nuna ma alhaji hanya da hannu."

Duk wannan ya zo mini a rai a tsaye a kan gadar, kada ku ce mantawa na yi. Na dubi tsohon, na dubi ƙafafunsa, na ga wannan in na ce masa gabas zan bi, to ya zama kayana, kuma da irin tafiyarsa sai magariba mu isa. Tanko ya ci nasara ke nan, Siddig ya tafi Madani. Sai wani baƙin ciki ya taso mini, na ji kamar shi ma tsohon Tanko ne ya aiko shi ya tare ni. Na ce a raina, yau kowa ta kansa yake yi, ni wa ya raka ni? Ban ma ɗaga hannu ba, da leɓe na yi masa nuni, na nuna masa inda na fito. Na nuna masa yamma.

Ya juya ya dubi can, ya daɗe yana dubawa, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Can na gabas?"

Na ce, "Can ne, Baba. Bi tur'a kawai."

Ya ce, "To. Na yarda da kai, ɗana. Inda kac ce, can za mu."

Ban tsaya jin sauran ba, na sa gudu. Sai da na yi nisa kalmar nan ta dawo mini, za mu, shi da wa? Na waiga, ba kowa a kan gadar, ba kowa a hanyar yamma. Na ce ƙila ya gangara ɗibar ruwa, na ci gaba.

Gudu na yi mai kyau, irin wanda nake tanadi don tseren, tur'a a hagu, bur a dama, ban karkata ko taku ɗaya ba, na rantse da wanda raina ke hannunsa ban karya kwana ba. Bayan kamar rabin awa na hango gada, na ce madalla. Ina isowa na ga ƙofar ƙarfe a karye ta karkace gefe guda, ga gutsattsarin takardar Tanko iska na wasa da su.

Tsoro bai zo mini ba tukuna, haushi ne ya zo. Na ce aikin banza, gadojin nan duk iri ɗaya ne, na tsuguna na ɗauki gutsure ɗaya, sai ga rubutun Tanko, har da wannan ƙaton sa hannun nasa na 'yan boko. Na yi tsaki na sake dubar inuwata, na sake ɗaukar hanya. Wannan karon jakar da ba komai cikinta sai wando da riga da dabino ta fara yi mini nauyi, igiyarta tana ja na ta baya, kamar yadda ƙaya ke kama riga. Kuma ƙarƙashin ƙarar takalmina ina jin wata ƙara daban, a hankali, ƙwas, sai can kuma ƙwas, irin ta sanda a busasshiyar ƙasa. In na tsaya ta tsaya. Na waiga ya fi sau goma, fili fetal, ba ko kare.

Na sake isowa gadar.

A nan na ce bari in yi sallah, azahar tana neman wucewa, Juma'a dai ta riga ta kuɓuce mini. Na gangara na yi alwala, na hau bakin tur'a na tsaya zan kabbara, sai na rasa inda zan fuskanta. Ku fahimce ni, ga rana ina gani, ga inuwata ina gani, na san karatun duka, amma abin ya ƙi haɗuwa a kaina, kamar an ba ka hannun riga ka rasa ta inda ake sa shi. Na juya nan, na juya can, na yi ta juyawa. Daga ƙarshe na kabbara inda na ga dama ina hawaye, kuma hawayen haushi ne, don ina sallar ina lissafin la'asar saura nawa.

Da na sallame na dubi ƙurar bakin tur'a, na ga sawun takalmina, sahu biyu, duk sun nufi gefe ɗaya. Kusa da kowane sahu kuma ga ɗan rami, ga ɗan rami, a jere, inda aka dogara sanda. Sawun ƙafa kuwa babu.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba. Na miƙe na daka wa filin nan tsawa, na ce ko wane ne ya sake ni, ina da abin yi, ban ci na kowa ba, ni aka zalunta! Na cire jakar zan jefar, sai na tuna rigar nadi tana ciki, ba a tsere sai da ita, na mayar. Na sake sa gudu, na uku, na huɗu, gwiwar nan ta kumbura ta yi tsami, harshena ya bushe, ina gudu ina zagin Tanko da sunan uwarsa, kuma duk zagayen gadar nan ce ke tarye ni da 'yan takardunta.

A zuwa na biyar ƙafar ta ƙi. Na zube a kan gadar, rana ta yi ja ta sauka, na san ko ina ne an gama tseren. Da na tabbata an gama, sai fushin ya sake ni kamar an zare ƙaya, ya bar ni da abin da na yi. Na buɗe baki na ce, da ƙarfi, ba tare da na waiga ba, "Baba, ƙarya na yi maka. Can ba gabas ba ne." Na ɗaga hannu zan nuna masa gaskiyar, hannun ya tsaya a sama, don ban san inda zan nuna ba.

Igiyar jakar ta saki. Sai na ji odar lori, baaam, kusa ƙwarai, na ɗaga kai. Jama'a, ga dogayen itatuwa, ga gidan mufattish da farin bangonsa, ga lorinmu, ga mutane tsaye cirko-cirko a ƙetaren tur'a, tsakanina da su bai fi taku ɗari uku ba. Tun tsakar rana a nan nake, yadda aka yi idona bai gan su ba tun farko kuwa har yau ban sani ba.

Na ja ƙafa na ƙarasa. Ba wanda ya taro ni, ina matsowa suna ja da baya, 'yan nadi da mutanen ƙauyen duka. Na hango farin rawani, sai fushin ya dawo sabo, na yi kansa na shaƙe wuyan rigarsa, na ce yau sai ka gaya mini wa ya ce maka zan biyo baya. Tanko ba ni yake kallo ba, bayana yake leƙe. Sai ya buɗe baki, kuma wannan ce rana ɗaya tak da na ji Hausa a bakinsa a ƙasar Hasahisa, Hausar gida tsantsa irin ta uwarsa.

Ya ce, "Don Allah sake ni. Wane na tsohon ga da kaz zaka da shi? Ina kab baro shi?"

Na sake shi. Ustaz Hamad ne ya zaunar da ni ya ba ni ruwa, ya ce, "Ya zol," wato kai mutumina, "tun azahar muke kallonka." Wai suna zaune a inuwa suka hango ni ina zagaya nimrar bur ɗin nan ɗaya, in bi gefe huɗun in dawo gada, in sake. Suka yi ta kira, suka yi ta oda, ban juyo ba. Mutum biyu suka ƙetaro suka tsaya a gabana, na wuce ta tsakaninsu idona a buɗe, ɗayan ya ce har iskata ta taɓa shi. Ba su kama ni ba saboda abin da ke bayana. Wani dogon tsoho, in ji su, yana riƙe da igiyar jakata da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ni ina gudu iya ƙarfina shi kuwa tafiya yake yi a natse, kuma ko taku ɗaya ban ba shi ba. Ustaz Hamad ya jinkirta tseren awa guda saboda ni, har aka fara yi masa gunaguni, sannan ya busa usur. Siddig ya zo na biyu.

Cikin mutanen ƙauyen akwai wani dattijo, limaminsu, ya matso ya tsuguna gabana. Ya ce duk shekarar da nimrar nan ta zo hutu wani nasu kan gamu da tsohon a kan gadar da aka bar shi, tun zamanin iyayensu, kuma ba abin tsoro ba ne, ɗaukar masa ƙunshi ake yi a raka shi zuwa gada ta gaba ta wajen gabas, ya yi godiya ya sa albarka, shi ke nan sai wani juyin. Kowane juyi kuma, in ji shi, sukan raka shi gaba kaɗan da inda aka tsaya wancan karon. Na tambaye shi ko wane ne, ya ce su ba su taɓa tambaya ba. Sannan ya ce, "Kai mi kac ce mai?"

Na gaya masa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Tashi ya yi ya kaɗe rigarsa ya tafi, kuma har muka bar ƙauyen bai ƙara duban inda nake ba.

Siddig ya tafi Madani, bai yi abin kirki ba, ya dawo. Ni gwiwata ba ta ƙara yarda da gudu ba, daga ranar na ajiye takalmin. Tanko ya rantse mini da Alƙur'ani cewa kwatancen kuskure ne, bara ya sani bara ya rubuta, amma maganar ƙarfe huɗu da ta zan biyo baya har ya mutu bai ba ni amsa ba, ni kuma har yau ban yafe wannan ba, Allah ya sani. Sai dai duk sanda na taso da fushinsa sai in tuna shi kwatancen bara ya ba ni, ni kuwa ina sane na nuna wa tsoho yamma.

Da na je Mai Wurno na ba mahaifina labari, ina jiran faɗa. Tambaya ɗaya ya yi, ina na nuna masa. Da na faɗa sai ya ce, "Shekara nawa suna turo shi gaba, gada gada, kai ka maishe shi baya yini guda." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Na koma wurin sau biyu, a shekarun da nimrar ta zo hutu, na zauna a kan gadar tun hantsi har la'asar da niyyar in ɗaukar masa ƙunshi. Bai zo ba. Mutanen ƙauyen sun ce tun ranar ba wanda ya sake ganinsa. Kuma gaskiyar magana ko ya zo ban san ta ina zan raka shi ba, domin abin da ya same ni a bakin tur'a bai sake ni ba har yau. Ni ban san gabas ba. A masallaci sahu nake bi. A ɗakina ƙusa matata ta kafa mini a bango, ita nake duba. In na je baƙon wuri na shimfiɗa darduma da kaina, ina ganin daidai na yi, sai wani ya taɓa kafaɗata ya ce, Alhaji, juya, ka ba alƙibla baya. Ba arewa ba, ba kudu ba, kullum gefe ɗaya jikina ke kai ni, kuma in na tsaya ta can nakan ji rigata ta ɗan yi nauyi ta baya.

Ban san ko wane ne ba, ban san inda ya kai yanzu ba, kuma na daina tambayar malamai. Abin da zan ce muku kawai, in kuna cikin fushi wani ya tare ku yana tambayar hanya, ku haɗiye fushin nan tukuna, ba shi ya ɓata muku rai ba. In za ku iya rakiya ku raka, in ba za ku iya ba ku ce ba za ku iya ba, wannan ba laifi ba ne. Amma kada ku nuna wa mutum inda kuka san ba nan ba ne, don akwai wanda zai yarda da ku.